Darasin Mutanen Gaɓar Teku: Tanadi Kafin Hadari a Ƙasar Magariya da Dungas

 Abin da na zo da shi gabanku nazari ne a kan yadda al'ummomin da ke zaune a bakin teku suke shirin tarbar guguwa mai tsanani, da abin da mutanen gundumomin Magariya da Dungas, a kudancin jihar Damagaram, za su iya ɗiba daga wannan shiri. Na sani wani zai ce a ransa, ina ruwan mutumin Magariya da guguwar teku, alhali tsakaninsa da Ikko akwai tafiyar mota da ta haura kilomita 1,000, kuma galibin manomanmu sukan rayu har su koma ga Mahaliccinsu ba su taɓa sa teku a ido ba? Tambayar tana bisa hanya, kuma amsarta kashi biyu ce: na farko yana cikin ilmin sararin samaniya, na biyu kuwa, wanda shi ne maƙasudin wannan maƙala, yana cikin ilmin zaman jama'a.

Zumuncin hadarinmu da guguwar teku

Kowane manomi a Bande ko Wacha ya san cewa hadarin da ake shakka daga gabas yake tasowa, ya fara da jar ƙura da iska mai kwashe jinka, sa'an nan ruwa ya biyo baya kamar da bakin ƙwarya. Abin da masana yanayi suka ƙara a kan wannan sani shi ne, haɗurran nan suna da uwa guda, wato wata kaɗawar iska mai tasowa daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur kusan kowane kwana uku zuwa biyar a tsakiyar damina, wadda take ratsa Cadi da ƙasarmu Nijar da Mali, har ta faɗa Tekun Atlantika ta gaɓar Senegal da Gini. Idan ta tarar da ruwan teku ya ɗumama har ya kai kimanin digiri 26, kuma iskar sama ba ta wargaza ta ba, sai ta shiga juyawa tana shan tururi tana ƙara ƙarfi, har ta zama irin guguwar da muke jin labarin ɓarnarta a tsibiran Karibiyan da jihohin kudu na Amurka. An ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na manyan guguwowin Atlantika daga wannan kaɗawa asalinsu yake. Ashe kenan hadarin da ya kayar da katanga a Dungas daren Talata, mai yiwuwa ne shi za a raɗa wa suna bayan mako biyu a can ƙetaren teku.

A shekarar 2017 Christopher Taylor da abokan aikinsa suka buga wani nazari a mujallar Nature, bisa hotunan tauraron ɗan Adam na shekara 35, inda suka nuna cewa yawan haɗurra mafi tsanani a yankin Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982, suka kuma danganta haka da ƙaruwar zafin Sahara. Ma'anar wannan a gare mu ita ce, ko da jimillar ruwan shekara a Magariya ta tsaya a inda aka san ta, wato tsakanin milimita 500 da 700 a galibin shekaru, rabo mai yawa daga cikinta yana sauka ne yanzu a cikin 'yan sa'o'i, a kan ƙasar da jama'arta ta yawaita, wadda kuma tun bayan farin 1973 da na 1984 aka yi gine-gine a fadamunta da suka ƙafe bisa zaton ruwa ya yi ƙaura har abada.

Abin da Bangaladash ta koya da jinin 'ya'yanta

A daren 12 ga Nuwamba 1970 guguwar da aka sani da sunan Bhola ta afka wa gaɓar ƙasar da ake kira Pakistan ta Gabas a lokacin, wato Bangaladash ta yau, ta turo ruwan teku ya haye tsibirai marasa tudu mutane suna barci, kuma an ƙiyasta waɗanda suka rasu da kimanin mutum 300,000. Galibinsu Musulmi ne, manoman shinkafa da masunta, talakawa masu zama a ɗakunan kara da laka, kuma wannan kamanni da ke tsakaninmu da su shi ya sa na zaɓe su a kan ƙasashe masu arziki, domin darasin mai dukiya ba kasafai yake amfanar matalauci ba. A 1972 ƙungiyar agaji ta ƙasar, wadda a yau ake kira Red Crescent, ta kafa wani shiri na tarbar guguwa, gwamnati kuma ta shigo cikinsa a shekara mai biye, kuma ginshiƙin shirin shi ne 'yan sa kai daga cikin ƙauyukan kansu, waɗanda aka ba su tutoci da jiniya ta hannu da amsa-kuwwa, suna bi gida gida a ƙasa ko a kan keke da zarar saƙo ya iso daga masana yanayi.

Duk da haka, ranar 29 ga Afrilu 1991 wata guguwa ta sake kashe kimanin mutum 138,000 a wajen Chittagong, kuma a nan ne darasin da ya fi shafarmu yake. Binciken da aka yi bayan musibar ya nuna cewa mafi yawan mutanen sun ji gargaɗin, amma ba su tashi ba: wasu saboda an sha yi musu gargaɗi a baya ba a ga kome ba, wasu saboda tsoron ɓarayi su kwashe musu ɗan abin da suka mallaka, wasu saboda ba su da inda za su kai shanunsu, wasu saboda mafakar ta yi nisa ko babu ita sam, wasu kuma suka ce abin da Allah ya ƙaddara babu makawa. Mata sun fi maza mutuwa nesa ba kusa ba, domin da yawansu sun tsaya jiran izinin mazajen da ba sa gida, ko kuma nauyin shiga cikin taron maza ya hana su fita. Daga nan hukuma da jama'a suka ɗauki waɗannan dalilai ɗaya bayan ɗaya suna neman maganinsu. Aka gina mafaka masu hawa bisa ginshiƙai, waɗanda makarantu ne a sauran kwanakin shekara. Aka tara tuddan ƙasa domin dabbobi. Aka shigar da mata cikin 'yan sa kai har suka kai rabin rundunar da a yau ta haura mutum 70,000. Aka kuma riƙa yin gwaji tun sama tana garau. Da guguwar Sidr ta zo a Nuwamba 2007, da ƙarfin da ya yi kusa da na 1991, waɗanda suka rasu kimanin 3,400 ne, kuma a Mayu 2020, kafin isowar guguwar Amphan, an kwashe mutum kusan miliyan 2.4 zuwa mafaka, mamatan ba su wuce 'yan gomomi ba.

Kada a ce sa'a ce kawai. Wata shida bayan Sidr, a Mayu 2008, guguwar Nargis ta taso daga wannan teku ɗaya ta faɗa Miyanma, inda babu irin wannan shiri, aka rasa kimanin mutum 138,000 tsakanin matattu da waɗanda suka ɓace. A jihar Odisha ta Indiya kuwa, inda guguwar 1999 ta kashe kusan mutum 10,000, an kwashe kimanin miliyan guda kafin guguwar Phailin a Oktoba 2013, mamatan ba su kai 50 ba. Tauraron ɗan Adam ya ga Nargis kamar yadda ya ga Sidr. Bambancin yana ga ko akwai wanda zai ƙwanƙwasa ƙofar gida na ƙarshe a ƙauye, wanda masu gidan suka sani suka kuma yarda da maganarsa, da ko akwai sanannen wurin da za a nufa idan an fito.

Halin ƙasarmu

Gundumomin Magariya da Dungas, waɗanda guda ne kafin a ware Dungas a 2011, ƙidayar 2012 ta same su da mutum fiye da 900,000, kuma suna daga cikin wurare mafi cunkoson jama'a a karkarar Nijar. Ni'imar ƙasar tana cikin kwarin Korama, inda ruwan ƙasa yake kusa ƙwarai, har ana noman rake da rogo da kayan lambu a fadama da rijiyoyi gajeru. Amma wannan ni'ima tana da ɗaya fuskar, domin a shekarar da marka ta daɗe, ruwa yakan cika tafkuna da kududdufai ya kuma tsattsafo daga ƙasa, ta yadda ginin laka yakan sha ruwa ta sama ya sha ta tushe a lokaci guda. Mu ba mu da igiyar teku mai hawa tudu. Abin da yake kashe mutane a nan shi ne bango da soro masu ruftawa a kan masu barci, da ƙetare korama lokacin da ta kawo, da faɗawar yara cikin kududdufi. Bayan ruwa ya janye kuma sai masai ya gauraya da rijiya, amai da gudawa su ɓulla kamar yadda aka gani a jihar Damagaram a 2021, zazzaɓin cizon sauro kuma ya cika sashen yara na asibitin Magariya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take taimakawa tun 2005.

Daminar 2024 ta isa hujja. Alƙaluman hukuma sun nuna cewa ambaliya ta shafi mutum kusan miliyan ɗaya da rabi a faɗin Nijar, ta kuma kashe 396. A ƙarshen Agusta ruwa ya yi mummunar ɓarna a Maraɗi cikin 'yan sa'o'i, a farkon Satumba tsohon masallacin Birni a Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe, kuma ranar 10 ga watan madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. Abin da ya fi ci mini rai a wannan shekara shi ne, tun cikin watan Afrilu taron hasashen damina da cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD suke shiryawa ya riga ya sanar cewa ana sa ran ruwa fiye da na al'ada a Sahel tare da haɗarin ambaliya, kuma cibiyoyin nan biyu a Yamai suke da mazauni. Ilmin ya samu wata huɗu kafin musibar. Tsakanin takardar masana da zauren mai gari ne maganar take yin rauni.

Ƙiyasi da bambancinsa

Malamai sun yi gargaɗi game da ƙiyasin da ake yi tare da bambanci a tsakanin abubuwan biyu, saboda haka wajibi ne in faɗi inda muka saɓa da mutanen gaɓa. Guguwar teku ana ganinta kwana uku ko huɗu kafin ta iso, hadarinmu kuwa sa'o'i yake bayarwa. Yakan yi tafiyar kusan kilomita 50 a sa'a guda, don haka wanda ya wuce ta kan Nguru, da ke gabas da mu da tazarar da ta ɗara kilomita 160, zai iya kaiwa Magariya cikin sa'a uku, wanda ya sauka a Dungas kuwa cikin sa'a guda, ko da yake wani yakan mutu a hanya, wani kuma ya haɗu a kanmu ba zato. Natijar wannan ita ce, kwashe dubban mutane a motoci ba namu ba ne, kuma duk abin da ba a shirya tun da rani ba, ba za a iya shirya shi da hadari a ka ba. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane.

Nijar ba ta rasa tsarin gargaɗi ba. Tun 1989 aka kafa hukumar faɗakarwa da wuri, aka kuma ƙara mata rassa a ƙananan hukumomi da kwamitocin ƙauyuka da aka sani da SCAP-RU. Sai dai an haifi wannan tsari ne domin yunwa, wadda take tafiya a hankali ana auna ta da farashin tiyar hatsi da rahoton wata-wata, ruwa kuwa ba ya jiran rahoto. Shawarata ita ce a ɗora wa waɗannan kwamitoci aiki na biyu, a kuma haɗa su da mutanen da al'ada ta riga ta ba su amana. A watan Mayu mai unguwa da sarkin magina su zaga gida gida, su duba inda damshi ya ci gindin bango, da inda azara ta ruɓe, da indararon da ya toshe, da ɗakin da aka shafe da siminti a kan laka, wanda yake ɓoye laima a ciki har ya faɗi ba tare da ya nuna alama ba. Su rubuta gidajen da ba za a kwana a cikinsu ba a daren babban ruwa, su kuma sanar da kowane mai gida wurin wanda iyalinsa za su koma. Abin da gayya za ta iya gyarawa na yaɓe da yashe magudana, a yi shi kafin shuka ta ɗauke hankalin majiya ƙarfi. Rumbun da ke kwari a ɗaga shi ko a rage hatsinsa, a ware tudun da za a ɗaure bisashe da wanda zai yi gadinsu, domin mutumin da bai amince da tsaron akuyarsa ba zai zauna tare da ita har ɗakin ya faɗo.

Game da isar da saƙo, hanyar tana hannunmu. 'Yan kasuwarmu da ke zirga-zirga tsakanin Dungas da Maigatari, da tsakanin Magariya da Babura ta Tinkim, suna da lambobin abokan hulɗa har Nguru da Gashuwa, kuma sanarwar hukumar yanayi ta ƙasa tana iya isa wayar magajin gari cikin daƙiƙa. Abin da ya rage shi ne a san wane ne zai karɓa a kowane gari, wane ne zai maye gurbinsa idan ba ya nan, da wace alama za a yi. Amsa-kuwwar masallaci da gangar fada da mai shela da gidajen rediyon karkara duk suna nan, amma lalle ne alamar ta zama mataki-mataki, a bambanta wadda ke cewa a yi hattara da wadda ke cewa a fita yanzu, a kuma yi tsumulmular ta biyun, domin mun ga yadda yawan gargaɗin da bai tabbata ba ya kashe zukatan mutanen Chittagong.

Mas'alar tawakkali da izinin mata

Na ware wannan fasali domin malamanmu, saboda babu injiniyan da zai iya warware shi. Akwai bayin Allah nagari waɗanda suke ganin barin ɗaki saboda tsoron ruwa rauni ne na imani, alhali kuwa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali a wurin kowa daga cikin magabata. Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya sassaƙa jirgi tun ƙasa tana busasshiya. Annabi Yusufu ya tara hatsin shekarun yalwa domin shekarun fari. Sayyidina Umar kuma, da ya sami labarin annoba a Sham yana kan hanya, ya juya da jama'arsa bayan shawara da sahabbai, ya nuna musu cewa komawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Kiyaye rai yana daga cikin manyan manufofin Shari'a guda biyar, kuma mazhabarmu ta Malikiyya, wadda ta yi rangwamen haɗa Magariba da Lisha a masallaci a daren ruwa, ta riga ta yarda cewa ruwan sama uzuri ne mai sauya hukunci.

Maganar mata ta fi wannan gaggawa. A ƙauyukanmu hadari yakan iske mai gida yana kasuwa ko gona mai nisa ko ya yi tafiya, matar da ke kulle kuma, da jariri a baya da tsohuwar suruka a ɗaki, tana ganin ƙasa tana zubowa daga soro amma tana jin nauyin fita ba da izini ba. Fiƙihu bai bar wannan a duhu ba, domin malaman Malikiyya, kamar yadda ɗalibanmu suke karantawa a Muhtasar na Halilu, sun halatta wa matar da ke cikin idda ma ta bar gidan da aka wajabta mata zama a cikinsa idan ana tsoron faɗuwarsa. To, ina ga wadda ba ta cikin idda? Roƙona ga limaman Juma'a shi ne su keɓe huɗuba guda kafin faɗuwar damina su bayyana wannan hukunci a fili, su kuma umarci magidanta da kowa ya faɗa wa iyalinsa da bakinsa cewa ya ba su izini tun yanzu, ya kuma ambaci gidan da za su nufa. Haka nan a sa mata cikin masu kai gargaɗi, musamman ungozomomi da malaman Islamiyya mata, domin su ne suke shiga inda namiji zai tsaya a zaure yana sallama ruwa yana cin bango.

Saura batun mafaka. Mutanenmu da kansu sukan nufi makaranta ko masallaci, amma rushewar masallacin Birni, da ruftawar wani sashe na babban masallacin Zariya a kan masallata a Agusta 2023, sun nuna cewa alfarmar wuri ba ta tsaya a madadin duba lafiyar gininsa, don haka masallacin da za a ayyana mafaka shi ne farkon wanda magina za su bincika. Makarantu kuma, a 2024 sai da gwamnati ta ɗage komawa karatu daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, saboda wasu azuzuwa sun lalace, wasu kuma waɗanda ruwa ya kora suna ciki. Tun da dai ajin makaranta ne mafakarmu ko mun so ko mun ƙi, kuma ana ta ƙoƙarin maye azuzuwan zana da na gini, ya kamata duk ajin da za a gina a waɗannan gundumomi daga yau a zaɓa masa tudu, a ɗaga dandamalinsa, a yi masa makewayi na mata daban da rijiya mai murfi, a kuma ajiye tanti a ƙaramar hukuma domin a mayar da iyalai can kafin lokacin karatu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki alkawari a 2022 cewa zuwa ƙarshen 2027 kowane mutum a duniya zai kasance ƙarƙashin tsarin gargaɗi, kuma rabonmu a cikin wannan alkawari ba zai zo ba sai mun tanadi masu karɓarsa. Ina ba da shawara ga shugabannin gundumomin biyu da sarakunan Magariya da Dungas da Wacha da sauran takwarorinsu su sanya zama guda a kowace shekara, cikin mako biyu da fitowar hasashen damina, inda ma'aikacin yanayi zai karanta shi da Hausa a gaban masu gari da limamai da magina da wakilan mata, a raba aiki da sunan mutum da ranar gamawa, a kuma gayyaci maƙwabtanmu na Babura da Maigatari domin a yi musayar lambobin waya. Hasashen yakan fito a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, marka kuwa sai Agusta, kuma wata ukun da ke tsakani sun isa zagayen magina da huɗubar limamai da gwaji guda a kowane gari.